Zuwa ga Kalvin na Kebbe

Taubashi, bawan gidanmu! Kada ka ɗaure fuska don sunan da na raɗa maka. Zauna tukuna ka ji inda na tsinto shi.

Shekaranjiya da dare ina wurin mai shayi a bakin titin da ya ratsa Tambuwal ya nufi Jega, sai ga wasu 'yan bautar ƙasa biyu, dukansu Kiristoci, suna musu har shayinsu ya huce. Ɗan cocin Baptis ya ce wanda Allah ya cece shi da gaske ya tsira ke nan har abada, tunda ba ƙoƙarinsa ya ba shi ceton ba, balle sakacinsa ya ƙwace. Ɗan Deeper Life ya ce ina! Mutum yana iya ja da baya, ya saki abin da ya riƙe, ya mutu a ɓace. Suna bayani, ni kuwa fuskarka nake gani a cikin kofi.

Ashe gardamar ta girmi kakannin kakanninmu. Tun zamanin Agustin, babban limamin kiristan garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, wanda ya rasu a 430, ake yin ta. Sai wani Bafaranshe, John Kalvin, ya fitar da littafinsa a 1536, ya zauna Janeba yana koyar da cewa tun kafin a halicci duniya Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta. Arminiyus, malami a jami'ar Leiden da ya rasu a 1609, ya ce a'a, alherin Allah an miƙa shi ga kowa, kuma mutum yana iya ture shi. Aka yi taro a Dordrecht ta ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619, wata shida ana kai ruwa rana, mutanen Kalvin suka yi rinjaye. Aka tuɓe fastocin ɗaya ɓangaren, aka ɗaure wani masaninsu mai suna Hugo Grotius, sai a 1621 matarsa ta fitar da shi daga kurkuku a cikin akwatin littattafai. Da kai ne, da har yau kana ciki, don murfin ba zai rufu a kan wannan tumbi ba.

Abin da ya burge ni da mutanen nan shi ne kowa ya kama igiya ɗaya ya riƙe, ko da za ta kai shi kurkuku. Kai kuwa igiya biyu gare ka, kana duba aljihu kafin ka san wadda za ka ja.

Ka tuna shekarar da albasa ta yi tsada? Ka dawo daga Aliero da sabon babur, hula a karkace, kana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa noma sai mai kai. Wai kai ka karanci kasuwa, kai ka san ranar da za a buɗe rudu. A ranar nan Arminiyus kansa bai kai ka yarda da zaɓin ɗan Adam ba. Bana fa? Na ranta maka taki buhu biyu, albasa ta yi kyau, ka jibge ta a rudun da rufinsa ke yoyo tun bara. Sau uku ina ce maka ka gyara. Ruwan farko ya sauka, ta ruɓe har maƙwabta suka daina shan iska a ƙofar gida. Da na zo maganar takina, sai ka ɗaga ido sama, ka sauke murya kamar mai tafsiri, ka ce: "Mi za a yi? Abin da an ka rubuta ba ya gogewa." Riba taka, asara ta Lauhul Mahfuzu!

To ka sani ko Kalvin ba zai karɓe ka ba. Ɗan Baptis ɗin nan ya ce a wurinsu alamar zaɓaɓɓe ita ce aikinsa ya gyaru. A Janeba ma majalisar dattawan coci gare su, mai kiran mutum ta tuhume shi a kan halinsa. Da can kake, da zaman makon farko a kanka za a yi shi.

Mu ma da muka yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, ba haka aka karantar da mu a zaure ba. Masu cewa bawa kamar kara yake a bakin iska, sunansu Jabariyya, kuma malamanmu sun daɗe da raba gari da su. Allah ke halitta, bawa ke aikatawa, a kan aikin nan kuma za a tambaye shi. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar take. Kusa ma, Muhammadu Buhari ɗan Shehu da ya zauna Tambuwal ribaɗi ya kafa don tsaron wannan yanki. Ya fi ni da kai sanin tauhidi, amma bai miƙe ƙafa ya ce abin da zai zo ya zo ba. Kai ko ciyawa dami uku ta rufin rudu ta gagare ka.

Wuri ɗaya na ba ɗan Baptis gaskiya, shi ma a kanka ne. Ni ban zaɓe ka ba. Tun ba a haife mu ba aka ƙulla abin, ranar da kakarmu ta haifi babana ta kuma haifi innarka. Ka ci bashina, ka cinye kuɗin shara, ka kwashe naman Sallah tun yana kan wuta, duk da haka taubashi ba ya sakuwa. Wannan kam tabbataccen matsayi ne, kuma wallahi ba aikinka ya ba ka shi ba.

Ina nan tafe Kebbe ranar Juma'a bayan an sauko. Na ji labarin ragon nan fari da kake kiwo a bayan ɗaki, an ce har dusa da ƙaiƙayi ake haɗa masa. Zan zo da igiya a aljihu. In ka waiwaya ka ga turke babu kowa, kada ka ɗaga murya. An rubuta.