Majalisar Gaban Talabijin

Tun da tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo mana Daɗin Kowa, sannan kullen korona na 2020 ya zaunar da jama'a gaban Labarina da Izzar So, shiri mai dogon zango ya samu gindin zama a gidajen Hausawa. Ana ta hira da 'yan wasa da daraktoci, amma babu mai leƙa 'yan kallo, alhali wasan da suke yi a falo ya fi na cikin akwatin armashi.

Shugabansu shi ne mai rantsuwar dainawa. Ranar da aka kashe Mahmud a Labarina ya ce shi da shirin sai a lahira. Da Nafisa Abdullahi ta fita aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, ya sake rantsewa, har da dafa ƙirji. In da kaffara yake yi, da yanzu ya ciyar da unguwarsu kaf. Duk da haka babu kashin da ya taɓa wuce shi. Ka tambaye shi, sai ya ce so yake ya ga iyakar shirmen nasu.

Kusa da shi Hajiya Babba ce a kan darduma, carbi a hannu, ido a kan allo. Ita ba ta yarda wasa ake yi ba. Tana yi wa yarinyar fim kashedi da babbar murya: "Ke 'yar nan, kar ki sha, an zuba magani!" In yarinyar ta sha, sai ta juya ga jikoki ta ce ai ta faɗa mata, ba ta jin magana ne. Ta sa Kamaye na Daɗin Kowa cikin addu'a saboda abin da yake gani a hannun matarsa Adama, ta kuma ja wa mugun cikin shiri Allah ya isa fiye da yadda ta ja wa wanda ya cinye mata adashi. Jikanta ya nuna mata hoton mugun da wanda ya zalunta suna cin abinci tare a bayan fage, ta ce munafuncin nasa ke nan, lallaɓa shi yake yi.

Sai marubucin da bai taɓa rubuta shafi ɗaya ba. Shi yake gano cewa agogon da ke hannun dama ya koma hagu, kuma cikin da aka ce wata uku ne ya shekara biyu bai fito ba. Ya kalli shirin Turkiyya da na Koriya, saboda haka duk abin da aka yi a Kano raini yake sha a wurinsa. Abin haushin shi ne sau da yawa yana da gaskiya. Mota za ta tsaya a bakin ƙofa, a yi hon, maigadi ya fito yana gyara hula, ya leƙa, ya koma, ya buɗe, motar ta shiga, Alhaji ya gama waya kafin ya sauko, a shiga falo a gaisa da kowa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar sun tafi, labari bai motsa ba. Sirrin da kalma ɗaya za ta warware sai a ja shi zango guda, domin duk lokacin da mai faɗa ya buɗe baki sai waya ta yi ƙara. Likita kuwa aikinsa ɗaya ne, ya cire tabarau ya girgiza kai ya ce sai haƙuri. Ana tsakiyar kuka wata za ta ɗauko man shafawa ta yi bayanin amfaninsa da adireshin shagon. Abin da malam mai gyara ba ya so a tuna masa shi ne, shirin da ke YouTube da yawan kallo da kuɗin talla yake ci, kuma datarsa na cikin abin da ke biyan wannan jan labarin kowane mako. Marubucin gaske ba ya ganin zaginsa, alƙaluman kallonsa yake gani.

Akwai mai fassarar siyasa, wanda Kwana Casa'in ya buɗe wa kasuwa tun 2019. Garin Alfawa ƙirƙirarsa aka yi, amma shi ya san wace jiha ake nufi. Gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, gwamnansu ne sak, har tafiyar. Na Kano ya ce nasu ne, na Bauchi ya ce nasu ne, na Zamfara ya yi dariya ya ce duk ba su gane ba. Malam Adamu kuwa, mutumin kirkin, kullum ɗan jam'iyyar mai maganar ne.

Kada a manta da mai tsaron tarbiyya. A bakinsa 'yan fim sun gama lalata al'umma, kuma yana da hujja daki-daki: kashi na nawa, minti na nawa, wace ce ta yafa mayafi a kafaɗa. Ko ma'aikatan hukumar tace fina-finai ta Kano ba su kai shi bibiya ba. Ya ce don ya gargaɗi jama'a yake kallo. Allah ya saka masa, ya sha wahala.

Wasu kuma labarin bai dame su ba. Amarya na can tana tsayar da hoto don ta kai wa tela ɗinkin Hajiya Nafisa ta Izzar So, ƙawarta na ƙirga kujeru da labule. In aka tambaye su me ya faru a kashin jiya, sai su ce leshin dai ya yi kyau. Ƙaninsu, wanda ya riga ya karɓo shirin a wurin masu tura fim a waya, yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran a kai wurin da ya fi daɗi ya ce, "Ai ba mutuwa zai yi ba." Wannan ko takalmi aka jefe shi da shi, an yi adalci.

Dattijon gidan ra'ayinsa bai canja ba shekara talatin. Wasan kwaikwayo ya ƙare daga Samanja, Karkuzu, Kasimu Yero da Kuliya Manta Sabo. A lokacinsu, in ji shi, rabin awa ta isa a ba ka dariya, a koya maka hankali, a sallame ka ka kwanta. Na yanzu samari ne masu gyaran gemu suna kuka a cikin mota. Ba na musa masa gwanintar su Samanja, sai dai ya manta cewa a zamanin tashoshi ba su da yawa, in ba ka kalle su ba sai dai ka kalli bango.

Na ƙarshe maigida ne, wanda ba ya kallon shirmen mata. Yana gefe a kujerarsa, fuska cikin waya, wai labaran duniya yake bi. Can sai ka ji ya ce, "Wai wannan ba ita ce ta sace takardun filin ba?" Uwargida ta ce, "Au, Alhaji, ashe kana gani?" Ya ce kunnensa ne ya jiyo. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya kafa doka cewa janareta sai da babban dalili, yara su yi karatu da fitilar caji. Amma ranar da ake saka Labarina, tun la'asar zai aiki yaro gidan mai da galan, ya ce zafi ne ya yi yawa yau.