Har Yanzu Kimtsawa Nake Yi

Ina da wata cuta da ba a rubuta mata magani a asibiti, amma duk wanda ya taɓa zama da ni ya san ta: ni gwanin shiri ne, ragon aiki. A ba ni abu in yi, sai in share wuri, in jera kayan aiki, in tsara jadawali mai kyan gani, rana ta faɗi ban taɓa abin ba. Da wannan halin na sauka a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, da bizar ɗalibin koyon harshe, wai na zo koyon Koriyanci.

Ba wannan ne karon farko da na bar gida don neman harshen wasu ba. Na taɓa zama a Alƙahira saboda Larabci, don haka na shigo ina hura hanci, ina ganin kaina tsohon hannu a zaman baƙunta. Na ce wa kaina karatu ba ya shiga sai hankali ya kwanta, hankali kuma ba ya kwanciya sai mutum ya kimtsa. Magana ce mai ma'ana, shi ya sa ta daɗe tana cutata.

Ɗakin da na kama a unguwar Sinchon irin wanda suke kira goshiwon ne, ƙananan ɗakuna da asalinsu na masu shirin jarrabawar shiga aikin gwamnati ne. In na miƙe hannuwana biyu, saura ƙiris in taɓa bango da bango. Gado, tebur, ƙaramin firji, shi ke nan. Kicin na kowa da kowa ne, da dafaffiyar shinkafa da kimchi kyauta. Mai hankali zai gama shirya wannan ɗaki kafin shayinsa ya huce. Ni kuwa makonni na kwashe ina yi.

Na gano kantin Daiso, inda kaya ke farawa daga won 500, mafi tsada bai wuce 5,000 ba, sai na mai da shi wurin zuwa kullum. Na sayi maratayin kaya, da kwanduna, da alƙaluma kala-kala, da ɗan agogon da zai riƙa auna mini lokacin bita. Littattafan rubutu kuwa ba a magana: ɗaya na sunaye, ɗaya na aikatau, ɗaya na musamman don rubuta kurakuran da zan yi wajen magana. Wannan na ƙarshen har yau fari fat yake, domin wanda bai buɗe baki ba ina zai samo kuskure?

A yi mini adalci, wasu hidimomin na gaske ne. Baƙo mai dogon zama dole ya yi rajistar katin zama cikin kwana 90, kuma ba tare da katin ba, samun layin waya da sunanka da buɗe asusun banki wahala ne. Ga katin T-money na shiga jirgin ƙasa da bas. Ga uwa uba shara. Tun 1995 ƙasar ta ɗora wa kowa sayen ledar shara ta hukuma, kowace gunduma da irin tata, ragowar abinci daban, roba daban, kwalba daban, takarda daban. Ƙashi da ɓawon ƙwai ba sa cikin ragowar abinci. Na zurfafa a wannan fanni har sababbin ɗalibai suna zuwa neman fatawa a wurina, da Turanci. Na kuma ƙware wajen juya kwalin biskit ina farautar kalmar naman alade a jerin abin da aka haɗa shi da shi. Ran Juma'a in hau jirgin ƙasa layi na 6 zuwa Itaewon, inda babban masallacin da aka buɗe a 1976 yake, in idar da salla in tsaya da 'yan uwa 'yan Najeriya mu yi ta hira har la'asar ta kawo jiki. Wannan ma a lissafina yana cikin sanin gari.

Rubutun Koriya shi ya ƙara ruɗa ni. Sarki Sejong ne ya ƙirƙiro shi a 1443 don talaka ya samu sauƙin karatu, kuma haruffansa na yau 24 ne kacal, baƙi 14, wasali 10. Nan da nan na iya. Sai ga ni ina tafe a titi ina karanta allunan shaguna a bayyane, kamar yaron da ya haddace allonsa bai san fassarar ko kalma ɗaya ba, ina jin kaina wani shehi.

Aji kuwa ban taɓa fashi ba. Ƙarfe 9 zuwa 1, Litinin zuwa Juma'a, zango ɗaya mako 10, awa 200, matakai shida kafin a ce ka sauke. Aikin gida nawa ne mafi tsabta. Amma da malama ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi a yi hira, sai tari ya taso mini, ko alƙalamina ya faɗi ƙarƙashin tebur.

Ina da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. A Koriyanci aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, kuma a jelarsa ake ɗaura ladabi: yadda za ka ƙare magana da yaro daban, da baƙo daban, da dattijo daban. Shi ya sa ba a daɗe da haɗuwa ba za a tambaye ka shekarunka, don a san ma'aunin da za a auna maka magana. Ƙidaya ma iri biyu ce, ta gargajiya da wadda aka aro daga Sinanci, kuma wajen faɗin lokaci awa da ɗaya ake ƙirga ta, minti da ɗayar. Na ce ni da aka rena a gidan da ba a kiran sunan babba gatsal, ba zan je in yi wa tsohon wani magana kamar sa'ana ba. Gara in bari sai na ƙware.

Gaskiyar ita ce girman kai ne ya sa rigar kunya. Mutum da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, wanda ya saba a gida in yana magana a yi shiru, ba ya son a gan shi yana in'ina. 'Yan ajinmu daga Biyetnam da Mongoliya da Uzbekistan, waɗanda na girme su nesa ba kusa ba, kwaɓa magana suke yi son ransu, a yi dariya, a gyara musu, su wuce. Yanzu su ke yi mini tafinta.

A Alƙahira wannan hali bai samu wurin miƙe ƙafa ba, domin Bamisire ba ya barin ka da shirunka. Mai gadi, mai tasi, mai sayar da burodi, kowa sai ya tatso magana daga bakinka. A Seoul kuwa mutum zai iya shekara bai ce uffan ba kuma bai kwana da yunwa ba. Abinci a allon na'ura za ka danna, kuɗi da kati, hanya a waya, in ta ƙure ka miƙa wa mutum manhajar Papago ya karanta fassara.

Akwai wani dattijo a ɗakin da ke kallon nawa. In na ji ƙarar silifas ɗinsa ya nufi kicin, sai in tsaya a bayan ƙofa da kwano a hannu, ina maimaita gaisuwar da na haddace, har in ji ya wanke cokalinsa ya koma. Wani dare ya ritsa ni ina ɗibar shinkafa. Ya yi ta zuba magana yana nuna taga, ni kuma ina sunkuyar da kai ina amsawa da i, i, ina murmushin wanda ya gane komai. Ran Lahadi da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofata. Ga dattijo da jaka a baya, da hula, da sanda a kowane hannu. Ashe alƙawarin hawan dutsen Bukhansan na ɗauka, mai tsayin mita 836.

A kan dutse babu na'urar dannawa, kuma hannun da zai riƙe waya yana riƙe da igiyar ƙarfe. Kalmomi suka riƙa fitowa da kansu tsakanin haki da haki: ruwa, na gaji, a dakata. Da muka sauko ya zuba mini makgeolli, farar giyarsu ta shinkafa, dole na haɗa jimla sukutum na ce ni Musulmi ne, ba na sha. Allah kaɗai ya san irin jelar da na ɗaura wa aikatau ɗin. Dattijo dai ya yi dariya, ya shanye kofin da kansa, ya sayo mini lemo.

Za ku ce daga nan na shiryu. Washegari ina tashi daga aji na wuce Daiso na sayi sabon littafi don kalmomin hawan dutse. Da na ba yayata labari a waya, sai ta ce, "Auta, kai ko Lahira aka kai ka sai ka ce a dakata ka jera kaya." Na ce, "Yaya, ai kimtsawa nake yi." Ta ce Allah ya shirya.

Jiya dattijon ya sake tare ni a kicin, ya ce Lahadi mai zuwa sai dutsen Gwanaksan. Wannan karon na gane duk abin da ya faɗa, kalma bayan kalma, kuma na sake cewa i, domin yadda ake ƙin tayin babba cikin ladabi ba mu kai wurin ba a aji tukuna. Ku taya gwiwoyina da addu'a.