Wasiƙa Daga Masarautar Ɓera

Atlanta, Amurka

Zuwa ga taubashina kuma bawana,

 Muryar da ka turo ta WhatsApp ta iso. Wai ka ga hotona a gaban wata fada mai hasumiya, kuma tunda har na fara yawon buɗe ido, to kuɗin sharar bana sai a ninka maka. Gyara zama in ba ka labarin hoton nan. In ka gama ji, wataƙila kai ne za ka aiko mini da wani abu.

Wurin sunansa Disney World, yana gefen garin Orlando a jihar Florida. Tun 1971 aka buɗe shi, kuma manyan filayen wasa huɗu ne a ciki. Mai gidan kuwa ɓera ne. Wallahi ɓera, mai jan wando, ana ce masa Mickey. Mu da muka tashi muna ɗana wa ɓera tarko a ɗakin Inna, yau ga ni da furfura ina bin layi a rana don 'ya'yana su samu ganinsa.

Shekara biyu yaran nan suna cin kunnena, ina ce musu sai an ga hali. Abin da ya tashe ni tsaye lissafi ne. Dokar wurin ita ce yaron da bai cika shekara 3 ba kyauta yake shiga, daga 3 zuwa 9 kuɗin yara, daga 10 kuma ya zama magidanci, kuɗin manya zai biya. Auta za ta cika 3 a watan Oktoba, Abba zai cika 10 a Nuwamba. Ga shi tikitin nasu kamar tumatir yake, farashinsa yana bin lokaci: lokacin Kirsimeti ya yi tashin gwauron zabo, a Satumba ya sauko saboda yawancin yara suna makaranta, ga zafi, ga fargabar guguwa. Makarantun gundumarmu kuma suna ba da hutun mako guda a ƙarshen Satumba. Na ce wa Maman Abba ta haɗa kaya. Ta yi ta sa mini albarka, ta ɗauka tausayin yara ne.

Jirgi ban ma duba kuɗinsa ba. Mota muka shiga bayan sallar asuba, tafiyar kusan awa 7, ta ɗara Kano zuwa Maiduguri. Masauki kuma ba a cikin masarautar muka kama ba. A Kissimmee muka sauka, garin da ke maƙwabtaka da ita, inda ƙananan otal suka jeru a bakin titi kamar rumfunan kasuwa. Na zaɓi mai ɗan kicin da karin kumallo kyauta. Karin kumallon nan na tsaya a kansa kamar mai sa ido a jarrabawa, duk wanda ya ce ya ƙoshi sai na ƙara masa burodi.

Fili ɗaya na yanke za mu shiga, rana ɗaya, wanda ake kira Magic Kingdom. Akwai wani mai suna Animal Kingdom inda ake ɗaukar mutane a mota su ga raƙumin dawa da giwa. Na ce wa yara su yi haƙuri, giwa tana nan a Yankari, raƙumin dawa kuma a Kure ta Nijar a gonakin mutane yake kiwo, in mun je gida sa gani. Ko a filin ɗayan, kowane kai ya haura dala 100, ga haraji, ga kuɗin ajiye mota. Kada ka buga shi da naira, na san kana da hawan jini.

A bakin ƙofa aka kusa tona mini asiri a kan gaskiyata. Ka san Auta jikin Inna ta ɗauko, in ka gan ta sai ka ce ta yi shekara 4. Don haka takardar haihuwarta tana aljihuna a cikin leda. Ashe uwarta ta yi wata guda tana koya mata amsar bikin zagayowar haihuwa. Matar ƙofa ta sunkuya tana tambayarta shekarunta, yarinya ta miƙe yatsu uku cur. Na kai hannu zan lanƙwasa ɗaya, ta ƙanƙame. Na zaro takarda ina bayani da Turanci da Hausa a haɗe, gumi yana bin bayana. Matar dariya kawai ta yi ta ce mu wuce.

Abinci ne inda na fi samun galaba. An yarda ka shiga da naka, in dai ba a kwalba ba, kuma ba a son ƙanƙara a zube cikin kula. Maman Abba ta kwana tana dafa-duka, ga dambun naman da ta yi tun a gida, ga cincin, ga zoɓo da muka daskarar a gorar roba. Mai binciken jaka ya buɗe kula, daddawa ta gaishe shi, ya rufe da sauri ya yi mana fatan alheri. Ruwan sha kuma in ka je wurin masu sayar da abinci ka roƙa, a kofi suke ba ka kyauta. Sau tara na roƙa, a rumfuna daban-daban don kada a gane fuskata.

Sai yara suka ga mutane suna yawo da cinyar talotalo gasasshiya, kowace kamar taɓarya. Nan take na zama malami. Na ce ba mu san wanda ya yanka ba, Musulmi ba ya cin abin da yake shakka. Suka yi shiru, na ji daɗin tarbiyya. Ba mu yi taku ashirin ba muka iso wurin mai askirim. Abba ya dube ni ya ce, "Baba, shi wannan ai ba a yanka shi ko?" Yaron nan lauya zai zama. Guda uku na saya, uwarsu ta ce ita ma ba azumi take ba.

Kayan wasa kuwa tun a Atlanta na saye su a shagon da komai araha ne, na ɓoye a ƙasan keken Auta, wanda shi ma daga gida muka zo da shi don kada mu yi haya. Duk shagon da muka doso sai in zaro wani abu in ce ga shi na riga na sayo. Ya yi aiki a kan biyu. Ummi kuwa, ta tsakiyarsu, ta juya kunnen ɓeran da na ba ta, ta ga tambarin farashi da na manta ban ɓare ba, ta ajiye shi a ranta sai da muka shiga mota.

Da yake na biya, na rantse sai na hau duk abin da ke motsi. Akwai wani Space Mountain, jirgi ne da ke gudu cikin duhu, kuma sai yaro ya kai inci 44 ake barinsa. Ummi ta tsallake da kyar, da taimakon kitso. Suna da tsari mai kyau ga masu goyo: ɗaya ya tsaya da ƙaramar, in ɗayan ya sauko su yi musanya ba sai an sake bin dogon layi ba. Ni na fara hawa. Taubashi, duk addu'ar da Malam ya koya mana a makarantar allo sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Da na sauko Maman Abba ta dubi fuskata ta ce ta yafe nata.

Bayan azahar hadari ya haɗo, kamar yadda yake yi a Florida a wannan lokaci. Rigar ruwa ana sayar da ita a ciki, amma ni na zo da shirina: ledar shara baƙa guda biyar, na huda wa kowace wurin kai da hannu. Ni da yara muka sa. Maman Abba ta ce ita 'yar mutunci ce, ta je ta sayi ta gaske da katina, ta riƙa tafiya nesa da mu kamar ba ta san mu ba. Hoton da ka gani an ɗauke shi kafin ruwan. Na bayan ruwan yana wayarta, tana ajiye da shi don ranar da na yi maganar ƙara aure.

Mun tsaya har wasan wuta na dare, don yana cikin kuɗin. Auta ta yi barci tun kafin a fara, Ummi ta toshe kunne tana kuka, ni kaɗai na kalla, da ido huɗu.

A hanyar dawowa na tambaye su abin da ya fi burge kowa. Abba ya ce jirgin ruwan da ke ɗaukar mutane daga wurin ajiye mota zuwa ƙofa, wanda ba a karɓar ko sisi. Ummi ta ce tafkin wankan otal ɗinmu. Auta ta ce agwagwa. Wata agwagwa ce da ta bi mu tana tsintar cincin, irin wadda ke yawo a bayan gidanku tana shiga kwata. Tun daga nan har muka shiga jiharmu ta Jojiya ban ƙara cewa uffan ba.

Don haka maganar ninka kuɗin shara ka bar ta sai baɗi. Amma ban manta da kai ba. Kunnen ɓeran da Ummi ta ƙi yana nan sabo, zan ba mai zuwa gida ya kawo maka, ka sa ranar hawan Daushe. Ka gaishe da Inna, kuma kada ka gaya mata nawa na kashe. In agwagwar bayan gidanku ta yi ƙwai, a ajiye wa Auta ɗaya.

Naka, ubangidanka,
Baban Abba