Kare da rake

Wani ciwonsa caca, wani ƙwallo. Nawa ya fi nasu arha, amma ya fi gundurar jama'a: ba na iya jin kalma in bar ta ta wuce lafiya. Sai na tono mata asali, in ban samu ba in ƙera mata.

Ibn Jinni ne ya ja mini, Allah Ya ji ƙansa. Malamin nahawun nan ɗan Mausil, wanda ya rasu a Bagadaza a 1002, ya kawo wani ra'ayi a littafinsa Al-Khasa'is: baƙaƙe ukun da ke tushen kalmar Larabci, duk yadda ka jujjuya su, ma'ana ɗaya suke zagayawa. Kaf da lam da mim, ta ko'ina ka faro, ƙarfi da tsanani ne. Har ya ce sautin harafi kan kwaikwayi aikin da ake nufi, don kalmar cin kankana da ta gurgurar busasshen abu harafin farko kaɗai ya raba su, mai taushi ga mai taushi, mai tauri ga mai tauri. Shi dai ya yi hattara, ya ce abin ba ya tafiya a kowace kalma. Wannan gargaɗin ne na tsallake.

Na ɗauko mudun Larabci na shiga auna Hausa. Na gano cewa harafin ƙ na tauri ne: ƙarfe, ƙarfi, ƙashi, ƙaya, ƙusa. Na kai wa majalisa bayan sallar isha'i, ina ƙirgawa da yatsu, ina jiran tafi. Mai shayi bai ko ɗago kai daga kaskonsa ba, ya ce, "Malam, to ƙwai fa?" Wani ya jefo ƙamshi, wani ƙauna. Na ce ai ƙauna ta fi ƙarfe tauri. Aka yi shiru irin wanda ake yi wa mara lafiya.

Ban daddara ba. Na juya baƙaƙen kare, sai ga rake. Na kwana ina murna, don na ga igiyar da ta ɗaure su: cizo. Kare ya cije ka, kai ka ciji rake. 'Yata da ke karatun harshe a jami'a ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce, "Baba, kukan ido da kukar miya ba sai an juya komai ba, baƙaƙensu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Me ya haɗa su?" Na ce miyar in ta ji yaji tana sa hawaye. Ta ce a 1866 ƙungiyar masana harshe ta Paris ta sa doka ba za ta karɓi takarda a kan asalin harshe ba, kuma yau ta gane dalili.

Wadda ta fi ƙona ni ita ce tasha. Na daɗe ina koya wa mutane cewa daga tashi ta fito, wurin da mota ke tashi. Kowa ya gamsu, har ana yaɗawa da sunana. Sai wani tsoho da ya yi aikin jirgin ƙasa ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ɗana, kalmar Turawa ce, bakinmu ne ya lanƙwasa ta." Layin dogo ya iso Kano tun 1911, ni kuwa sai a ranar labari ya iso ni.

Abin da ke ɗan sanyaya mini rai, layin masu wannan ciwo dogo ne, ni dai na fi su baki. Je ka wurin suna ko ɗaurin aure ka tambayi ma'anar sunan garinku, ka ga yadda dattawa za su yi ta rige-rigen ba ka labari, kowa da nasa, kowa kuma daga kakansa ya ji. Shi kansa mai shayin da ya fasa mini ƙwai, rannan na ji yana rantse wa wani baƙo cewa sunan Hausa daga "hau sa" ya samo asali. Na gyara zama, na ce, "To kafin a hau san, me ake kiran mu?"

Ya ce, "Malam, shayinka na hucewa."