Alhaji, Kada Ka Tauna!

Mota ce ta take wata kyanwa a bakin titin Tudun Wadar Dankadai, ta bar 'ya ɗaya tal a bayan buhunan shinkafata, ido bai daɗe da buɗewa ba, ƙafafu ba sa ɗaukar ta. Na jefa ta a aljihun gaba, na hau mota zuwa Kwanar Dangora, daga nan na wuce gida Kiru. Uwargida ta leƙa aljihun, ta dube ni, ta ce, "Maigida, wannan ce ribar yau?"

Kafin dare labari ya kai kunnen Baba Maigadi, maƙwabcinmu, wanda ya daina gadi tun tuni amma sunan ya ƙi barin sa. Baba bai taɓa kiwon ko kaza ba, sai dai babu wata halitta mai numfashi da ba shi da fatawa a kanta. Ya ce a dama mata koko mai ɗan kauri, a sa jar kanwa kaɗan saboda ciki. Ta ƙi. Ya ce to ashe jinin sarauta ce, a nemo madarar shanu. Na tare Bafulatana da sassafe na sayi madara mai ɗumi, 'yar kyanwa ta sha har tana lumshe ido, zuwa azahar kuma cikinta ya ɓare. Abin da ya sami tabarmata da hular sallata, na bar wa Allah.

Malamin dabbobi ne ya warware mini. Ya ce madarar saniya tana da wani sukari da cikin jaririyar kyanwa ba ya iya narkarwa duka, shi ya sa zawo, ga shi ba ta da maiƙo da ƙarfin nonon uwarta. Akwai madarar gwangwani da ake yi musu musamman, amma sai an shiga Kano. Kafin nan in haɗa nonon akuya da ɗan gwaiduwar ƙwai, in ba ta da sirinji marar allura duk bayan awa 2 zuwa 3, dare da rana, tana kife a kan cikinta, don idan aka rigingine ta madarar na iya zarcewa huhu. Ya ce in riƙa ɗumama mata wurin kwana, tunda hunturu ya kawo kai kuma jikinta bai iya riƙe zafi ba tukuna. Sannan ya rage murya. Ya ce kafin ta kai kamar mako 3 ba ta iya fitsari ko bayan gida da kanta, uwar ce ke lashe mata ƙasan ciki har abin ya zo, don haka in sami tsumma mai laushi da ruwan ɗumi in riƙa shafa mata bayan kowane ci.

Da na mayar wa Baba wannan bayani sai ya girgiza kai. "Tsumma? 'Yan boko ke nan. Yaro, abin da uwa take yi shi za ka yi, Allah bai ba ka harshe don surutu kaɗai ba." Uwargida kuwa, da ta gan ni ƙarfe biyun dare durƙushe da tocila a baki da sirinji a hannu, cewa ta yi duk 'ya'yan da ta haifa a gidan nan ba ta taɓa ganin na farka don kukan ɗaya ba.

Ta rayu dai, ta fara tafiya tana tangaɗi, ta fara tona duk abin da ta taka. Malamin ya ce lokacin ƙasa ya yi, wajen mako 4 suke fara neman inda za su tona su binne. Na roƙi wani direban tifa ya zuba mini yashi daga wanda yake ɗebowa ta wajen Tiga, na cika tsohon daro, na ajiye a zaure. Ta leƙa sau ɗaya ta juya. Baba ya ce dole ta ƙi: tun da Audu Bako ya tare ruwan nan aka gama dam a 1974, duk yashin yankin ƙarnin kifi yake yi, kuma babu mahaluƙin da zai yi bayan gida a inda yake jin ƙanshin abinci. Shawararsa ita ce in ratsa dajin Falgore in je Doguwa, in hau har Riruwai in ɗebo ƙasar da ake haƙar kuza, wai tana da nauyi, tana sa dabba natsuwa. In kuma ba ni da kuɗin mota, in tsuguna a gaban daron kullum da safe tana kallo, har ta gane nufina. Ya kuma ce in raɗa mata suna, don dabba marar suna ba ta jin kunya.

Gaskiyar maganar, yashin da danshi, ga tsakuwa, bakin daron kuma ya fi tsayinta. Abin da take nema wuri ne marar zurfi, busasshe, mai laushin tonawa. A duk faɗin zaurena abu ɗaya ne ya cika waɗannan sharuɗɗa, shi ne babban tiren da na zuba samfurin shinkafa, 'yar gida turarriya, wadda na sa aka tsince tsakuwarta ɗaya bayan ɗaya saboda baƙon da dillali zai kawo mini daga kasuwar Dawanau.

Jiya da hantsi suka iso. Alhaji babban mutum, farar shadda, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Muka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya, Baba ya shigo ba a kira shi ba ya sami gefen tabarma. Na jawo tire na ajiye a gaban Alhaji. A nan ne na lura da wani ɗan tudu a tsakiya, an share gefensa tsaf, ga sawun 'yan ƙafafu kewaye da shi. Kowa ya san yadda manyan 'yan hatsi suke duba kaya. Ba sa kallon tire, fuskarka suke kallo. Ba sa ɗiba daga sama, don sun san sama ta talla ce. Hannu suke nutsawa can ƙasa, tsakiya, inda mai kaya yake ɓoye karyayya da mai danshi.

Alhaji yana ba ni labarin tsadar mota daga Kano, hannunsa na dama yana tafiya. Na ga zoben azurfa ya shige cikin tudun nan. Na ga wuyan hannu ya bi shi. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji." Ya damƙo, ya murza a tafin hannu, ya ɗan dakata, ya ce, "Malam, kayan nan da sauran danshi." Dillali ya rantse da girman Allah cewa kwana da kwanaki tana rana. Alhaji ya kai hannu hanci. Ya shaƙa. Girarsa ta haɗu, amma mutum ne da ya shekara talatin yana shinshina hatsi, bai yarda wani wari ya fi ƙarfin saninsa ba. Ya ce, "Wane irin ruwa aka turara ta da shi?" Sannan ya ware 'yan ƙwayoyi da babban yatsa, ya ɗaga su zuwa baki, don haƙori ne alƙalin bushewar shinkafa.

Tun jiya nake sake kallon wannan tafiya ta hannu daga hanci zuwa baki. Tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, amma a cikinta na tuna bashin da ke kaina na masu inji, na tuna buhunan da ke jibge a Tudun Wada, na auna ko zan iya yin shiru in bar wa Allah sauran. Ihun da na yi, "Alhaji, kada ka tauna!", har awakin maƙwabta sai da suka watse. Ya tsaya baki buɗe. Ya sauke hannu a hankali, ya buɗe tafin, muka leƙa mu huɗu kamar masu duba kuɗin jabu. A daidai lokacin ita kuma ta fito daga bayan buhu, ta hau tiren a gaban kowa, ta shiga gyara ramin da aka ɓata mata.

Ba wanda ya yi magana sai Baba. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai malamai sun ce abin da kyanwa ta sa wa baki ba ya zama najasa." Alhaji ya dube shi ya ce, "Baba, wannan ba ta baki ya fito ba." Buta uku ya ƙarar da rabin sabulun uwargida, ya cire zoben ya ba dillali ya riƙe, dillali ya karɓa da gefen riga. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Da motarsu ta tashi, Baba ya dafa kafaɗata ya ce in daina ɓata rai, abin alfahari ne. Kyanwa ta ƙi yashin Tiga, ta ƙi ƙasar tsakar gida, ta zaɓi shinkafata saboda laushi da rashin tsakuwa. Ya ce duk mai sayen da ya zo nan gaba, wannan zan fara gaya masa.