Butar da ta tona mini asiri

Tun da matatar man Zinder ta soma aiki a 2011, tulun gaz mai kilo 6 ya riƙa shiga gidaje sannu a hankali, har ya iso namu a Gidan Rumji. Uwargida ta ɗora tsohuwar butarmu ta dalma a kai, ta ja da baya ta ƙare mata kallo, ta ce, "Malam, wannan baƙar aba ba ta dace da wutar zamani ba." Butar ta sha hayaƙin kara har ba mai tuna kamarta ta fari, gindinta ya lotsa, sai rangaji take a kan ƙarfen murhun.

Ran Litinin na hau mota, muka bi kwalta ta Tsibiri muka shiga Maraɗi. A babbar kasuwa wani Alhaji ya baje mini hajarsa. Ta dalma, in ji shi, tana saurin tafasa amma ba ta jure faɗuwa, mai fenti kuwa da zarar ta ɓantare sai tsatsa. Sannan ya rage murya, ya jawo wata ta silba daga kwali, mai faɗin gindi, da mariƙin baƙar roba.

"Wannan magana take yi, ranka ya daɗe."

Ya buɗe ɗan murfin bakin ya nuna mini wasu faifai biyu ƙanana, kowane da huda a tsakiya. Ruwa na tafasa, tururi ya kutsa ta hudojin, sai buta ta yi fito, ko kana bayan gida ka ji. Ba ƙonewar gindi, ba asarar gaz. Muka ja ciniki har jikka shida, na rungumo ta.

Washegari da asuba ta yi kiranta na farko. Ɗan kabu-kabun da ke ajiye fasinja a ƙofar gidanmu ya ɗauka usur ɗin jandarma ne, ya fizgi babur ya bar kuɗinsa a hannun mutumin. Kaji suka watse. Ni ko ina tsakar gida ina murmushin mai sabon kaya.

Abin da Alhajin bai faɗa ba, kuma shi ya kamata a rubuta a jikin kwali, shi ne katangar gidanmu ta ƙasa ce kuma gajera. A da in na haɗa shayina, daga ni sai Allah sai uwargida. Yanzu buta na yin fito sai sallama. Maƙwabcina na gabas ya zo tambayar lafiyar Inna, alhali jiya tare suka yini. Na yamma ya zo aron gatari da kofinsa a aljihu. Samarin fadar bakin titi, masu tasu 'yar butar da gawayinsu, suka gano cewa ruwan zafi ya fi sauƙi a wurina, suka riƙa aiko yaro. Wa zai ce wa mai sallama ya koma? Sukarin da kan kai mu ƙarshen wata ya ƙare tun wata bai raba ba, mai kanti ya buɗe mini sabon shafi a littafin bashi.

Na gwada dabara. Na tsaya a kanta kamar mai gadin gona, da ta fara gunaguni in sauke. To ina amfanin jikka shidan, tunda tsayuwar ce na biya kuɗi don in huta da ita?

Wani dare tari ya sa ni dafa citta. Buta ta callara. Inna ta fito daga ɗaki da carbi tana a'uziyya, ta ce, "Wane marar kunya ke fito da tsakar dare yana kira mana mutanen ɓoye?" Na ce buta ce, Inna. Ta ce ai ta san buta ce, tambayarta wa ke cikin butar. Sai da aka turara gidan kafin ta kwanta.

Ruwan rijiya ya so ya taimake ni. Farin dattin da yake bari ya taru ya toshe hudojin, muryar ta dishe, baƙi suka ragu. Ina cikin godiya uwargida ta matse lemun tsami a ciki, ta tafasa, ta ɗauraye. Murya ta dawo har ta fi ta da.

Gaz ne ya raba gardamar. Ya ƙare ana tsakiyar girki, ba a samu canji a gari ba, aka mayar da buta kan duwatsun murhu. Harshen wutar kara ya lashi mariƙin, roba ta narke ta zubo, gida ya cika da wari, ita kuwa tana ta fito ba mai iya kama ta. Da muciya aka ture ta.

Duk mai tulun gaz da ba ya ƙarewa, da doguwar katanga, da maƙwabta masu nauyin ji, ya zo mu daidaita. Jikka biyu, ba mariƙi, amma murya lafiya lau.