Wai Ƙidayar Tsuntsaye Ma Sana'a Ce?

Na hango ka, Malam. Tun daga kan take ka fara murmushin nan naka na mugunta, kana waige-waigen wanda za ka taɓa ku yi dariya tare. Ka ce ƙasar da rabonta da ƙidaya mutanenta tun 2006, ita ce za ta tsaya ƙidayar kurciya? Wannan kam ka ci ni, ba ni da ta cewa. Amma gyara zama, wasa bai tashi ba.

Ka ce kallon tsuntsu aikin Bature ne, wanda ya ci ya ƙoshi ya rasa abin yi. Haba Malam, ji tsoron Allah! Wa yake gaya wa kakanka damina ta ƙarato? Rediyo? Shamuwa yake gani ta sauka kan tsamiyar tsakiyar gari, ya shiga rumbu ya duba iri. Kai kanka kana yaro, da danƙonka a wuya, ka san bishiyar da hasbiya take kwana, ka san lokacin da jan baki ke faɗa wa gero, kana bambance kukan ragon maza da na mujiya ko cikin barci. Duk binciken ka yi shi. Abin da ya raba ka da masanan shi ne su sun rubuta abin da suka gani, kai ka gasa naka.

Kada ka ji kunya, su ma daga nan suka taso. A Amurka akwai lokacin da ake fita ranar Kirsimeti a yi gasar wanda zai fi harbo tsuntsaye. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce a ajiye bindiga a ɗauki alƙalami. Mutum 27 suka amsa masa, suka ƙidaya a wurare 25. Har yau ana wannan ƙidayar duk shekara, kuma masu yin ta yawancinsu ba masana ba ne: malaman makaranta ne, da 'yan fansho, da ɗalibai, da 'yan sa-ido irinka. Da intanet ta zo sai abin ya tumbatsa. A 2002 cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka buɗe eBird, inda kowa zai shigar da tsuntsun da ya gani, da wurin, da lokacin. A 2021 bayanan da aka tara a ciki suka haura biliyan ɗaya.

Ka ce can ne, nan ina? Nan ma an fara, ba ka da labari, kana can kana musun ƙwallo. A 2015 aka ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida kamar gurabun dara, fiye da gurbi 11,000, kowanne wajen kilomita tara tsawo, tara faɗi. Mai sa kai zai shiga gurbi guda da manhajar BirdLasser a wayarsa, ya yi aƙalla awa biyu yana zagaya fadama da gona da bayan gari, yana shigar da kowane irin tsuntsu bi da bi yadda ya ci karo da su. Yana da kwana biyar ya rufe takardarsa ya aika. Haka ake yi a Afirka ta Kudu tun 2007, haka ake yi a Kenya. A Arewa ma akwai ayarin matasa da suka ɗauki abin da zafi, suna bin ƙauyuka suna cike gurabu.

Yauwa, ga ka nan ka miƙe zaune, ka samu lagona. Ka ce to in jama'a ne ke yin aikin kyauta, ina sana'ar take? Kuma bayanan 'yan koyo ai tarkace ne: wani zai ga shirwa ya rubuta shaho, wani zai ga balbela ya rantse zalɓe ne.

Gaskiyarka. Har ma ka rage. Bari in taya ka zagin. Masu ƙidayar nan sun fi son bakin kwalta da kusa da gari, inda akwai mai shayi. Sun fi fita Asabar da Lahadi. Wani zai yi awa biyu, wani ya yi goma. Wani kunnensa ya san kukan tsuntsu ɗari, wani sai tsuntsun ya sauka a kan hularsa. Babban tsuntsu mai ƙawa kowa zai rubuta shi, ƙaramin mai launin ƙasa da ke laɓe a ciyawa sai a wuce shi. Ga kuma yankunan da rashin tsaro ya hana kowa leƙawa, sun zauna fari fat a taswira. Ka gamsu? To abin da ba ka lura ba, wannan tarkacen da ka lissafa shi ne sana'ar. Da bayanan a tsabtace suke zuwa, da ba a nemi mai bincike ba, akawu ya isa.

Dubi irin tambayar da ke hana su barci. An je gurbi kaza ba a ga gauraka ba. Babu ita ne, ko tana nan ba a gan ta ba? Kai a wurinka duk ɗaya ne. A wurin mai bincike, tsakanin waɗannan biyun akwai digirin digirgir guda. Sai ya tattara ziyarce-ziyarcen da aka kai wuri ɗaya, ya auna sau nawa ake ganin tsuntsu a inda aka tabbata yana nan, daga nan ya ƙiyasta sau nawa ake wuce shi ba a sani ba. Sai ya sa tsawon lokacin da kowa ya ɗauka cikin lissafi, da watan da aka fita, da ƙwarewar mai kallon. Sai ya ɗora sakamakon kan hotunan tauraron ɗan'adam masu nuna ruwan sama da ciyayi da gonaki, ya ga me tsuntsun yake bi, me yake gudu. A ƙaddara takardu ɗari sun fito daga gari guda, sittin a ciki sun ambaci ungulu. Bayan shekara goma takardu ɗari, goma kacal suka ambace ta. Mutum ɗaya zai iya kuskure, amma mutum ɗari ba za su haɗa baki su makance rana ɗaya ba. Shi kuwa mai shirwa da shaho, an shirya masa: in ka shigar da tsuntsu a inda ba a san shi ba, na'ura za ta tsayar da kai, masu tantancewa su nemi hoto ko bayani. Ba a shigar da jimina a Kasuwar Kurmi a wuce lafiya.

Saboda haka in kana zaton aikin nan yawon daji ne da hular malafa, to ka yi rabin sani. Sauran rabin zama ne gaban kwamfuta ana kokawa da ƙididdiga da manhajar R da zanen taswira, har ido ya yi ja. Na ga fuskarka ta sauya. Eh, lissafin nan da ka guje wa a sakandare ka ce za ka yi bayoloji, shi ne ya zagayo ya tare ka a gindin kuka.

Ka ce to an lissafa, sai me? Tuwo zai zama? Saurara. A Ingila akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hayayyafa can, in sanyi ya shigo ya ƙetaro Sahara ya yi cin rani a Sahel, har da arewacin Najeriya da bakin Tafkin Chadi. Tun 1962 'yan sa kai suke ƙidayar tsuntsayen gonakinsu duk shekara. A 1969 suka jira baƙonsu, sai ƙalilan suka dawo, fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Aka bi sawu, a 1974 masana suka wallafa dalili: ƙarancin ruwa a Sahel. Wato farin nan da ya kashe mana dabbobi ya jefa mutane cikin yunwa a farkon shekarun 1970, sai da ya fara bayyana a littafin wasu masu leƙen shinge a Ingila. Yanzu gaya min, wa ya rasa abin yi?

Ka ce ungulu fa, wa ya damu da kazama? Ka tambayi Indiya. A shekarun 1990 ungulayensu suka riƙa mutuwa saboda cin mushen shanun da aka yi wa maganin diclofenac, har wasu nau'o'in suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwa ya gurɓace. An hana ba dabbobi maganin a 2006, amma wani nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum wajen rabin miliyan cikin 'yan shekaru. Mu kuma tamu ungulun, wadda da take cika kwata da kan rufin kasuwa, tun 2015 tana jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cinikin kanta don tsibbu na cikin abin da ke cin ta. Yaushe rabonka da ganin ta? Ka yi shiru. Kowa ya san ta ragu, amma "na san ta ragu" ba ya motsa gwamnati. Lamba ke motsa ta, in ma za ta motsa. Gauraka ma, da ake kira tsuntsun ƙasa, yau ta fi yawa a waƙa da kirari fiye da fadama.

To ga tambayar da ka ɓoye tun ɗazu a aljihun gaba: akwai maiƙo? Ba zan yaudare ka ba, ban taɓa jin wanda ya gina bene da kuɗin kurciya ba. Guraben aikin ba su da yawa, wasu na kwangilar shekara biyu ko uku ne, kuma rabin ƙarfin mai bincike a rubutun neman tallafi yake ƙarewa. Amma ƙofofin sun fi yadda kake zato. Akwai koyarwa da bincike a jami'a. Akwai ƙungiyoyin kare muhalli irin su NCF a gida da BirdLife a waje, akwai hukumar gandun daji. Filayen jirgin sama na neman wanda ya san wane tsuntsu ke zuwa a wane wata. A Janairun 2009 garken dinya ne ya kashe injinan wani jirgi a New York, sai a kogin Hudson ya sauka da mutum 155. Masu yaƙi da murar tsuntsaye, wadda nau'inta na H5N1 ya fara ɓulla a Afirka a wata gonar kaji ta jihar Kaduna a 2006, suna son sanin hanyoyin da tsuntsayen ruwa ke bi. Masu gina madatsa da jan manyan layukan lantarki doka ta tilasta musu binciken muhalli kafin su sa diga. Kuma wanda ya iya tace gaskiya daga tarkacen bayanan dubban mutane, in tsuntsu ya ƙi ciyar da shi, banki da ma'aikatar lafiya da kamfanin waya duk suna neman irin wannan hannun.

Ka ce sai mai uwa a gindin murhu, sai wanda ya samu bizar Turai. Motar Jos ta ishe ka. A dajin Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, akwai cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos, wadda A. P. Leventis ya assasa, tana horar da ɗalibai tun 2002. Ana yin digiri na biyu a fannin kare halittu, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma nan ne gidan shirin taswirar nan. A duwatsun yankin akwai wani ɗan jan tsuntsu da kimiyya ba ta yi masa suna ba sai 1998. Ka ji fa, 1998, ana tsakiyar kallon kofin duniya na Faransa. Ƙasa mai nau'in tsuntsu fiye da 900, ga fadamar Haɗejiya da Nguru da tsuntsayen Turai ke cika ta duk hunturu, ka ce an gama bincike?

Ke kuma Hajiya da kike leƙen takardar ta kafaɗarsa kina cewa ai wannan na maza ne, Dakta Talatu Tende, wadda ta ja ragamar shirin taswirar Najeriya, ba gemu gare ta ba.

Saura uzurin ƙarshe: ba ka da madubin hangen nesa, ba ka san sunayensu na boko ba. Wayar da kake musu da ita ta isa ka fara, sunaye kuma a bakin aiki ake koyon su. Ka nemi ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta jami'a ko garin da ke kusa da kai, ka bi su fita ɗaya. Shawara guda dai, kuma ba da wasa nake ba: kafin ka shiga bayan garin mutane kana ɗaga waya sama kana rubuce-rubuce, ka fara zuwa ka gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Zamanin ya lalace, kada a je ƙidayar tsuntsu a ƙare da ƙidayar sanduna. In kuma ɗanka ya zo ya ce tsuntsaye zai karanta, kada ka kira mai ruƙiyya. Ka tambaye shi nawa ya ci a lissafi.